Tsamiyoyi Biyu da Bangon Arewa

Ina bisa soron wani falke a Ƙofar Kware, ina gyara masa indararo, labarin ya iske ni. An yi ruwan farko a makon, kowa a birni na neman magini ido rufe. Na ji sallama daga ƙasa, na leƙa, sai na ga Garba na Tungar Tsamiya, ƙafafunsa duk taɓo har gwiwa. Garba magidanci ne, shi ke jan ragamar samarin ƙauyen da wana Ummaru ya yi gida.

Ya ce, "Baba Isa, sauko."

Na ce, "Faɗi daga nan, ƙasa na hannuna."

Ya ce, "Bangon masallaci ya faɗi, na arewa. Baba Ummaru na ƙarƙashi. Jiya munka yi mishi sutura."

Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Sannan na ƙarasa liƙe bakin indararon, domin kwaɓaɓɓiyar ƙasa ba ta jira, kuma in na bar shi a buɗe, ruwan gaba a ɗakin mutane zai sauka. Na wanke hannu, na sauko, muka kama hanyar Wamakko.

Ku da kuka shigo aikin nan bana, ina jin abin da kuke faɗa a gindin bango in kun zaci na yi nisa. Wai gini ƙasa ce da ruwa, wanda ya iya dama fura ya iya kwaɓi. Ba faɗa zan yi muku ba. Karatuna bai wuce na allo ba, saboda haka zan faɗi abin da na gani yadda na gan shi, ku ɗauki abin da zai amfane ku.

Aikin farko da maigidanmu Baba Hamidu ya ba mu, ni da Ummaru, shi ne taka ƙasa. A haƙo jar ƙasa da dundurusu, a kwaso a kwando, a zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a shiga a taka har cinya ta yi tsami. A bar ta ta kwana, a dawo a sake. Baba Hamidu ba ya taɓa ta da hannu. Sunkuyawa yake yi ya sansana. In ba ta yi warin ruɓa ba, sai ya ce, "Ɗanya ce, ku koma," ya yi tafiyarsa. Mun yi rani guda cur ba a bar mu mun taɓa tubali ba. Da aka bar mu, sai muka ga shi ma karatu ne: gindi mai faɗi, kai mai tsini, a jera a rana, a riƙa juya shi kada gefe ɗaya ya bushe ya bar ɗaya. Ni mara nauyi ne, sai ya zama ni ke hawa bango, Ummaru na ƙasa yana jefo mini tubali. Tsawon shekarun da muka yi, ban taɓa miƙa hannu neman tubalinsa ba. Inda tafina yake, nan yake sauka.

Zauren wani mahauci da muka gina kusa da kasuwa shi ya koya mini haƙuri da masu aiki. Kullum da hantsi sai ya zo ya tsaya ya ce, "Jiya nan na bar ku, yau nan na iske ku. Ni da zan yi fawa haka, da nama ya yi tsutsa." Baba Hamidu ya ce masa, "Naka ya mutu kafin ka taɓa shi. Namu da ransa, sai ya huta." Gaskiya ya faɗa. Bango ba ya ɗaukar abin da ya fi wanda rana za ta busar. Ka ɗora 'yan layuka, ka sauka, ka bar shi ya sha iska. Wanda ya yi masa gaggawa, zai ga cikinsa ya kumburo kamar na jaki mai ciki. Haka azara, itacen giginyar da ake rufi da shi. Namijin giginya ake nema, a tsaga, a gyara da gizago, a jingine ya bushe, domin shi ne gara ba ta ci. Haka makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake haɗa yaɓen waje da shi. Kowanne da lokacinsa, kuma ba mai biya ne ke sa lokacin ba.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya yi ɗigo a farkon damina ya ɗauke. Rijiyoyin birni suka ja baya, kuma ba mai hankalin da zai zuba tulun ruwa a kan ƙasa alhali 'ya'yansa na kukan ƙishi. Gini ya tsaya cak. Magina suka watse, wasu suka koma dako, wasu suka bi fatake. Baba Hamidu ya kwashe mu zuwa Tungar Tsamiya, bayan Wamakko, domin ƙauyen na bakin gulbi, ana tona yashi a samu ruwa. Suka ce mu gyara musu masallaci, su ciyar da mu. Abincin kuwa kunu ne, tsamiyarsa ta fi geronsa yawa. Shi muka sha safe da yamma har kaka ta zagayo, kuma ba wanda ya mutu a cikinmu.

A nan na fara ganin tsamiyoyin. Biyu ne, suna tsaye a arewacin masallacin, bayansu maƙabarta. Ban taɓa ganin kaurin itace irin nasu ba. Ɗayar cikinta ya rarake ta gefe, awaki na shiga su fake wa rana, amma samanta kore shar, tana 'ya'ya kamar ba abin da ya same ta. Tsofaffin ƙauyen sun ce kakanninsu haka suka same su. Kaburbura na kusa da gindinsu sun baje sun zama ƙasa ɗaya, ba wanda ya san ko su wa ke ciki.

Ran da muka fara duba bangon arewa, Baba Hamidu ya durƙusa ya nuna mana wasu ramuka a gindinsa. Ya sa hannu ya yaye yashi, sai ga saiwar tsamiya mai kauri ta shige ƙarƙashin bangon, an gitta mata guntayen azara a bisa, bangon ya hau kan azarar bai taɓa ta ba. Ya ce, "Wannan ƙofar saiwa ce. Wanda ya fara gina bangon nan ya san itacen ya riga shi zuwa, sai ya ba shi hanya. Yashi ake zubawa, ba kwaɓi ba. Saiwa ta yi ƙiba ta samu wuri, ruwa ya zo ya tsiyaye ya wuce." Muka share su, muka sake musu yashi. A wannan zaman ne Ummaru ya ga matar da ya aura, ya yi gida a can. Da rani yakan shigo birni mu yi aiki tare, da ruwa ya kusa ya koma gonarsa. Masallacin kuma ya zama a hannunsa.

Da muka isa ni da Garba, kabarin aka fara kai ni. A ƙarƙashin tsamiya mai raraken aka sa shi. Na yi masa addu'a. Da na juyo, sai na ga Tanko masassaƙi zaune a inuwar ɗayar, yana wasa gatari a kan dutse, wasu gatura na jingine a gefensa.

Mutanen ƙauyen sun riga sun yanke magana. Wasu sun ce saiwa ce ta tunkuɗe bangon. Wasu, a hankali, sun ce masu zama a kan tsamiya ne suka yi fushi. Masu karatu a cikinsu suka ce ai maganar nan ta biyu ita kanta ta isa dalili, a sare a huta da ragowar jahiliyya. Maigari ya kira ni gaban jama'a ya ce, "Magini, jininka ne ya zuba. In ka ce a sare, gobe da safe gatari zai hau. In ka ce a bari, sai ka ba mutane dalili."

Na roƙi a bar ni in ga wurin tukuna. Bangon ya kwanta waje ne, rufin ƙarshen sahu ya biyo shi. An ce mini Ummaru ya ga tsaga bayan ruwan farko, ya ɗauko sanduna zai tokare, yana cikin kafawa abin ya zo. Na bi gindin bangon ina dubawa. Sai na ga ragowar wani dakali da ban san da shi ba, ya bi tsawon bangon, an daɓe shi sumul, har an yi masa zane da yatsa. Ramukan kuwa babu ko ɗaya.

Na ce, "Garba, wa ya yi wannan?"

Duk da halin da ake ciki sai da fuskarsa ta saki. Ya ce, "Mu munka yi shi, Baba, ran gayyar yaɓe. Baba Ummaru na birni wajenka. Tsofaffi na zama ƙasa suna jiran salla, munka ce ba ta yiwuwa. Har ramukan macizan nan munka cusa musu duwatsu munka liƙe, don an ga kububuwa ta fito daga ɗaya."

Kun san gayyar yaɓe. Kowace shekara kafin ruwa, samarin gari kan fito da kiɗa da waƙa su yaɓe masallaci, kowa na neman lada, duk ramin da ido ya gani sai an toshe shi. Abin kirki ne. Amma dakalin ya tare ruwan da ke gangarowa daga gindin itatuwa, ya riƙe shi a jikin bango, ƙofofin da zai bi kuma an rufe. Bangon ya sha ya ƙoshi daga ƙasa.

Bayan la'asar na sami Liman a zaurensa. Dattijo ne mai sanyin magana, tare muka sha kunun shekarar fari yana saurayi. Na faɗa masa abin da na gani. Na ce, "Allah gafarta Malam, in na yi shiru, za a kashe itace a kan abin da bai yi ba. In na yi magana, na ɗora wa Garba gawar wana, shi da ƙauyen nan kuma sai dai labari."

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Ƙarya dai ba ta cikin zaɓi. Amma gaskiya ba dole daga bakinka ta fara fitowa ba. Ce musu magini ba ya yanke hukunci sai ya ga tushe. Hannun da ya rufe, bari shi ya buɗe."

Washegari na faɗa wa Maigari haka. Tanko ya ce, "To, ni dai na wasa, kada ya dakushe a banza." Samari suka ɗauko dundurusu da kwanduna. Na nuna wa Garba daidai inda babbar saiwa ta shiga, na ce ya fara daga nan. Ya fasa dakalin, ƙasar ciki ta fito baƙa, jiƙe sharkaf, tana wari. Ya ciro dutse, ya ciro wani. Sai bakin dundurusunsa ya bugi itace. Ya ajiye, ya sa hannu ya share. Ga azara a gicciye, ga saiwa kwance a ƙarƙashinta, ko kusa ba ta taɓa bangon ba. Ga duwatsunsa a cushe tsakani, ruwa na tsatsowa ta bayansu.

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Baba, wanga ba ramin maciji ba ne."

Na ce, "A'a."

"Da gangan anka bar shi."

"Da gangan. Hanyar saiwa ce da ta ruwa."

Ya dubi dakalin, ya dubi inda aka ciro Ummaru. Ya zauna cikin taɓon. Jama'a suka matso, waɗanda suka gane suna raɗa wa waɗanda ba su gane ba. Na ji wani ya fara cewa, "Ashe dai samarin nan ne..."

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ku saurara. Da Ummaru ya dawo daga birni ya ga dakalin nan. Nan inda nake tsaye ya ce mini an toshe abin da bai kamata ba. Na ce to a fasa. Ya ce a bari sai bayan damina, yara sun yi don Allah, kada a karya musu gwiwa, bangon zai kai. Ni kuma na yarda. Ya zauna a kansa, na zauna, Maigari ya zauna. Wanda bai taɓa zama a kan dakalin nan ba, shi ya fara magana."

Ba wanda ya fara. Ni wannan zancen ban san da shi ba sai a lokacin. Halin Ummaru ne, ban yi mamaki ba.

Na sauka cikin ramin na kama hannun Garba. Na ce, "Ummaru magini ne, ya fi ni ido. Ya auna, awon bai kai ba, kwanansa kuma ya ƙare. Ban biyo kowa jini ba. Tashi, ba a bar tushe a buɗe ga hadari na haɗowa."

Ya tashi. Ya ɗauki dundurusun ya ci gaba.

Haƙan ranar ne ya fito da abin da ko Baba Hamidu bai gani ba. Can ƙasa da tushen, ta cikin masallacin, sai ga duwatsun gulbi masu santsi a jere, layi miƙaƙƙe, ƙananan saiwoyi sun nannaɗe su sun riƙe kamar yatsu. Aka kira Liman ya duba. Ya tsaya a bayan layin, ya fuskanci inda ya fuskanta, sai ga shi yana kallon alƙibla.

Ya ce, "Mahaifina ya ba ni labarin nan, na ɗauka zancen tsofaffi ne. Ya ce tun ba a san za a yi birni a Sakkwato ba, mutanen wurin nan a gindin tsamiyoyin nan suke yi wa iskoki yanka. Sai wani malami ya sauka da 'yan shanunsa. Bai ce da kowa komai ba, bai taɓa ko reshe ba. Ya ɗebo duwatsu daga gulbi ya jera a inuwa, yana sallarsa. Masu zuwa yanka suna kallo. Yau mutum ɗaya ya tsaya bayansa, wata shekara biyar. Da suka yi yawa aka kafa rumfa, da rumfa ta gaza aka yi ƙasa. Yankan kuwa ba wanda ya hana, shi ya mutu don kansa." Ya juya wajen masu karatun. "Kun ce ragowar jahiliyya. Su ne rufin masallacin nan na farko."

Ɗayansu, mutumin kirki ne, ya ce, "Malam, to masu cewa akwai masu zama a kai fa?"

Liman ya ce, "Wannan aikinmu ne ni da kai, ba na Tanko ba. Gatari ba ya shiga zuciya."

Maigari ya dube ni. Na ce a bar su. Na roƙi abu guda, a rage wani reshe mai nauyi da ya miƙo bisa rufi, domin ɗigon ganyensa na cin yaɓe. Tanko ya rataya gatarinsa ya ce, "Reshe kam na iya. Dama tun jiya gatarin nan ke roƙona. Ya ce tsamiyar da ta girmi kakana, da wane haƙori?" Mutane suka yi dariya kaɗan, ta farko tun da na iso.

Da damina ba a gini. Muka kafa zana a madadin bangon, muka yanka wa ruwa hanya, na dawo birni. Da kaka ta wuce na koma da kayan aikina. Na iske Garba ya riga ya haƙo ƙasa ya tara, ya jiƙa, yana ciki har gwiwa. Ban kira shi ba, bai kuma tambaye ni ba. Na sunkuya na sansana na ce, "Ɗanya ce." Ya ce, "To, Baba," ya ci gaba da takawa. Mutum mai mata da 'ya'ya, ya yi ranin nan yana aikin da kuke ƙorafi a kansa.

Ƙofofin saiwar mun faɗaɗa su, mun sa sababbin azara, mun zuba yashin gulbi. Duwatsun malamin mun bar su inda suke, muka mayar da ƙasa. Garba ne ya kawo shawarar da ni ban yi tunaninta ba. Ya ce a yi wa kowace ƙofa zane a jikin bango daga sama, yadda duk mai yaɓe zai gani ya tambaya. Liman kuma ya ce daga yanzu, ran gayya, kafin a buga ganga, sai an zagaya da samari an nuna musu. Reshen da Tanko ya sare, shi aka daddatsa aka ajiye nesa da bango, tsofaffi na zama a kai.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. In an kira ku aiki, kada ku fara da dundurusu. Ku zagaya wurin. Ku duba ina ruwa ke bi, me ya riga ku zuwa, wa ya gina kafin ku. In kun ga rami a tsohon bango, ku nemi mafi tsufa a unguwar ku tambaya kafin ku toshe. In kuma kun ga ɓarna a aikin wani, ku faɗa da bakin da zai iya ji, amma kada ku bari sai bayan damina.

Tsamiyoyin sun yi 'ya'ya sosai bana. Matar Ummaru ta aiko mini da ƙullin tsamiya daga wadda yake ƙarƙashinta. Bangon ya kai tsayinsa, mun yi masa makuba, ya bushe lafiya ba tsaga. Azarar rufi kuwa sai a ƙarshen rani muka samu giginyar kirki, tana jingine a bayan gidan Liman, ba ta gama bushewa ba, kuma ba zan ɗora ɗanya ba. Mun shimfiɗa zana a sama don ruwan bana. Garba zai shigo birni bayan girbi ya koyi gizago a wajena. Rufin ƙarshen sahu bai hau ba tukuna.